Idan Baba ya fita bai dawo ba

Jama'a assalamu alaikum. A ce kana unguwar Pantami a Gombe, an idar da la'asar, Baba ya ɗauki sandarsa ya ce zai ɗan leƙa waje, har aka kira magariba shiru kake ji.

Ba taurin kai ba ne fa, ba kuma kurciya aka yi masa ba. A gida gigin tsufa muke cewa, likitoci su ce dimenshiya, ciwon ƙwaƙwalwa ne da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce mutum sama da miliyan 55 na fama da shi a duniya, kuma ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce cikin masu ciwon 10, shida sai sun fita sun ɓata ko da sau ɗaya ne. Da yamma abin ya fi tashi.

To ga abin da mutane ba su ganewa. Baba ba yawon banza yake ba, akwai inda ya nufa. Abin da ya ci da safe ya manta, amma rumfarsa ta shekara 40 baya tana nan daram a kansa, shi a ganinsa ya makara zuwa kasuwa ne, ko gona, ko zai je Tashar Dukku ya hau motar garinsu wai Innarsa na jiransa, Innar da ta jima da rasuwa. A Ingila akwai tsarin da ake kira Herbert Protocol, sunan wani tsohon soja George Herbert aka sa masa, wanda ya rasu wajen neman gidan da ya yi yarinta. Fom ne iyali ke cikewa tun kafin komai ya faru: hoto, magungunansa, tsofaffin wuraren da ya zauna.

Mu ma littafin rubutu ya ishe mu. A ɗau hotonsa na kwanan nan, ba na ranar Sallar bariya ba. Lambar waya kam tela ya ɗinka ta a cikin wuyan riga, don takardar aljihu yar da ita zai yi. A rataya ƙararrawa a ƙofar zaure, a faɗa wa mai shayi da mai unguwa da masu Keke na bakin layi, ba abin kunya ba ne. Kulle shi a ɗaki kuwa ƙara ruɗa shi yake.

In ya ɓace kar ku ce sai an kwana. A fara duba rijiya da kwalbati da bakin kwari, wani ya tsaya gida, wani ya je wajen 'yan sanda ko ya kira lambar gaggawa ta 112, a kai cigiya rediyo da masallatai da gurup na WhatsApp, a rubuta ƙarara cewa ba shi da lafiya, saboda tsohuwar da ta faɗa gidan mutane tana sambatu wasu mayya za su ce mata, Allah ya kyauta.

In an same shi ban da faɗa. A ce "Baba sannu da dawowa", a ba shi ruwa, a duba ƙafafunsa ko ya ji ciwo, sai a rubuta inda aka gan shi a littafin nan.