Kotun Tarayya ta Kudancin New York: Ina Huruminta Ya Tsaya?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi wata kotu ce a ƙasar Amurka, wadda a rubuce huruminta bai wuce gundumomi takwas na jihar New York ba, amma ta saurari ƙarar iyalan yaran Kano, ta hukunta waɗanda suka kai hari a Nairobi da Dar es Salaam, ta kuma hana gwamnatin Ajantina biyan bashinta ta hanyar da ta ga dama. Wannan ita ce Kotun Tarayya ta Yankin Kudancin New York, wadda babban mazauninta yake a dandalin Foley da titin Pearl a unguwar Manhattan.

A Amurka kotuna iri biyu ne suke aiki kafaɗa da kafaɗa, wato na jihohi da na tarayya. Yawancin shari'un da suka shafi rayuwar yau da kullum, irin su kisan kai da sata da saki da gado da rikicin haya, kotunan jihohi ne suke yin su. Su kuwa kotunan tarayya hawa uku ne: a ƙasa akwai kotunan yanki guda 94 inda ake fara sauraron ƙara, a sama da su akwai kotunan ɗaukaka ƙara guda 13, sannan Kotun Ƙoli a birnin Washington. Wanda ya saba da tsarin Najeriya, inda Babbar Kotun Tarayya take guda ɗaya tak mai rassa a jihohi ƙarƙashin babban alƙali guda, zai lura da bambanci a nan, domin kowace ɗaya daga cikin kotunan nan 94 tana da nata babban alƙali da nata ƙa'idojin aiki. Ta Kudancin New York tana kula da Manhattan da Bronx, da wasu gundumomi shida da ke arewa da birnin, wato Westchester, Putnam, Rockland, Orange, Dutchess da Sullivan. Ko Brooklyn da Queens, waɗanda kogi ne kawai ya raba su da Manhattan, ba sa ƙarƙashinta tun 1865, lokacin da aka kafa musu Kotun Yankin Gabas. Haka nan shari'ar da aka sami Donald Trump da laifi a cikinta a 2024 ba a wannan kotu aka yi ta ba, a kotun jiha aka yi ta, ko da yake gine-ginen biyu maƙwabtan juna ne.

Doka ce ta ƙayyade abin da kotun za ta iya saurara. Akwai laifuffukan da suka saɓa wa dokar tarayya, kamar zamba ta waya ko ta intanet, safarar miyagun ƙwayoyi, halasta kuɗin haram da ta'addanci. Akwai ƙararrakin da suka taso daga tsarin mulki ko dokokin majalisar tarayya ko yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa. Akwai shari'un jiragen ruwa da na karyewar kamfanoni. Sannan akwai rikici tsakanin mutanen jihohi daban-daban, ko tsakanin Ba'amurke da baƙo, muddin kuɗin da ake jayayya a kai ya haura dala 75,000. Duk abin da bai shiga cikin waɗannan ba, alƙali zai sallame shi ko da ɓangarorin biyu sun yarda a yi shari'ar a gabansa.

Dokar shari'a ta 1789, wadda shugaba George Washington ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ita ce ta kafa kotun, lokacin tana kula da jihar New York baki ɗaya. Alƙalinta na farko, James Duane, ya zauna ranar 3 ga Nuwamba 1789, watanni uku kafin ita kanta Kotun Ƙoli ta yi zamanta na farko, abin da ya sa lauyoyin birnin suke mata laƙabi da uwar kotuna. A 1814 aka raba yankin gida biyu, arewa da kudu. Aikinta na farko-farko bai wuce rigimar kuɗin fito da albashin matuƙa jirgi da kayan fasa-ƙwauri ba, saboda New York tashar jiragen ruwa ce kafin ta zama cibiyar kuɗi, kuma ta wannan ƙofa ce iyalan waɗanda suka nutse a jirgin Titanic a 1912 suka kawo ƙarar neman diyya gabanta. Daga baya ne manyan shari'un siyasa suka biyo: hukuncin kisa a kan Julius da Ethel Rosenberg a 1951 bisa laifin haɗa baki wajen miƙa wa Tarayyar Sobiyet asirin makamin nukiliya, da kuma shari'ar 1971 inda alƙali Murray Gurfein, wanda bai daɗe da hawa kujera ba, ya ƙi amincewa da buƙatar gwamnatin Nixon ta ci gaba da hana jaridar New York Times buga takardun sirri na yaƙin Vietnam.

Ƙarfin halin irin na Gurfein yana da tushe a tsarin naɗi. Shugaban ƙasa ne yake zaɓen alƙali, majalisar dattawa ta tantance shi, daga nan kuma kujerar ta zama tasa har ƙarshen rayuwarsa, ba a rage masa albashi, ba a kuma cire shi sai majalisa ta tsige shi. Doka ta ware wa wannan kotu kujerun alƙalai 28, ban da dattawan alƙalai da suka rage aiki amma suke ci gaba da sauraron ƙara, da alƙalan majistare masu wa'adin shekara takwas waɗanda suke duba batun beli da sammacin bincike. Idan aka shigar da ƙara, ƙuri'a ce take fitar da alƙalin da za ta faɗa hannunsa, don kada lauya ya zaɓi wanda yake ganin zai saurare shi. A kan wannan kujera Constance Baker Motley ta zauna a 1966, baƙar fata mace ta farko da ta zama alƙaliyar tarayya, haka ma Sonia Sotomayor daga 1992 zuwa 1998, kafin ta kai Kotun Ƙoli.

A shari'ar babban laifi, mai gabatar da ƙara ba shi da ikon gurfanar da mutum shi kaɗai, sai ya kai hujjojinsa gaban wani zaure na 'yan ƙasa 16 zuwa 23 da suke zama a asirce, kuma sai 12 daga cikinsu sun amince kafin a fitar da takardar tuhuma. Idan an zo sauraron shari'ar, wasu mutum 12 ne daban, wato masu yanke hukunci da aka zaɓo daga mazauna yankin, za su ce an yi laifi ko ba a yi ba, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya, shi kuwa alƙali aikinsa ya bayyana musu doka, ya kuma yanke tsawon ɗauri. Ba a shiga da kyamara, shi ya sa kuke ganin zanen hannu a talabijin maimakon hoto. To amma wannan tsari mai ƙayatarwa ba kasafai ake kaiwa gare shi ba, domin a kotunan tarayyar Amurka kusan tara cikin goma na waɗanda ake tuhuma amsa laifi suke yi, bayan ciniki da masu gabatar da ƙara, don gudun ɗaurin da ya ninka idan suka ja aka kuma kayar da su. Wani alƙalin wannan kotu, Jed Rakoff, ya daɗe yana kokawa a fili cewa wannan matsin lamba yana sa har marasa laifi su amsa abin da ba su aikata ba.

Abin da ya miƙa hannun kotun zuwa ƙasashen waje shi ne dala. Ofishin babban lauyan gwamnati na yankin, wanda yake ƙarƙashin ma'aikatar shari'a, ba ƙarƙashin kotun ba, ya daɗe da riƙe fahimtar cewa duk kuɗin da ya ratsa wani banki a Manhattan, ko da na ɗan lokaci ne a kan hanyarsa daga wata ƙasa zuwa wata, ya isa ya ba shi damar shigar da ƙara. Da yake galibin manyan hada-hadar dala ta duniya a New York ake warware ta, ƙofar ta zama mai faɗi ƙwarai. A 2014 bankin BNP Paribas na Faransa ya amsa laifin keta takunkumin da Amurka ta sa wa Sudan da Iran da Cuba, ya kuma biya kusan dala biliyan 9. Ita kuwa Ajantina, takardun bashinta ne suka ce dokar New York za a bi idan an sami saɓani, saboda haka alƙali Thomas Griesa ya umarce ta a 2012 da kada ta biya masu bashin da suka yarda da rangwame sai ta biya waɗanda suka ƙi, kuma da ta tura dala miliyan 539 a 2014 sai kuɗin suka maƙale a banki, aka ayyana ƙasar a matsayin wadda ta kasa biya.

Haka batun ta'addanci. Harin da aka kai wa ofisoshin jakadancin Amurka a Kenya da Tanzaniya ranar 7 ga Agusta 1998 ya kashe mutum 224, mafi yawansu 'yan Afirka, amma a Manhattan aka yi shari'ar, aka yi wa mutum huɗu ɗaurin rai da rai a 2001. Adalci ne a ambaci cewa kotun ba ta zama 'yar amshin shatar gwamnati ba, domin a shari'ar Ahmed Ghailani, ɗan Tanzaniya da aka kawo daga Guantanamo, alƙali Lewis Kaplan ya hana wani babban mai shaida magana saboda ta hanyar tursasawa aka samo sunansa, kuma a 2010 aka wanke Ghailani daga duk tuhume-tuhume 285 in ban da ɗaya, ko da yake wannan ɗayar ta isa aka ɗaure shi rai da rai.

A nan ne nake ganin ma'aunin ya karkata. Lokacin da gwamnatin Amurka take neman baƙo, hurumin kotun yana miƙewa har inda ake so, amma lokacin da baƙo ne ya zo neman haƙƙinsa, sai hanyar ta ƙuntata. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a arewacin Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a kan yara kimanin 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi kuma wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin kuma ya musanta, yana cewa cutar ce ta yi ɓarnar. A 2001 iyalan suka shigar da ƙara a wannan kotu, saboda hedikwatar kamfanin tana Manhattan, suna dogaro da wani sashe na ita dokar 1789 ɗin, wanda ya bai wa baƙo damar kai ƙara idan an keta dokar ƙasa da ƙasa a kansa. Sau biyu alƙali William Pauley yana korar ƙarar, a 2002 da 2005, kuma daga cikin dalilansa akwai cewa kotunan Najeriya ne suka fi dacewa da ita. Sai a Janairun 2009 kotun ɗaukaka ƙara, da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya, ta ce gwajin magani a kan mutum ba da yardarsa ba ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa, ta dawo da shari'ar. Duk da haka ba a taɓa kiran shaida ko ɗaya a gaban masu yanke hukunci ba, domin an yi sulhu a 2011 ba tare da bayyana sharuɗɗansa ba, bayan sulhun dala miliyan 75 da kamfanin ya yi da gwamnatin jihar Kano a 2009. Shekara 15 ke nan tsakanin gwajin da diyyar farko da ta shiga hannun iyalai huɗu a Agustan 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta don tantance su.

Ƙarar iyalan Ken Saro-Wiwa, wanda gwamnatin Abacha ta rataye tare da wasu mutum takwas a Nuwamban 1995, ita ma shekara 13 ta yi a wannan kotu kafin kamfanin mai na Shell, wanda suka kai ƙara, ya biya dala miliyan 15.5 a Yunin 2009, ana gab da fara sauraro, ba tare da amsa laifi ba. Wata ƙarar ta 'yan Ogoni, wadda aka sani da shari'ar Kiobel, daga nan ta tashi har Kotun Ƙoli, inda a Afrilun 2013 aka yanke cewa waccan tsohuwar doka ba ta shafi abin da ya faru kacokan a wata ƙasa ba, sai dai idan yana da alaƙa mai ƙarfi da ƙasar Amurka. A 2018 Kotun Ƙoli ta ƙara da cewa ba za a iya amfani da dokar a kan kamfanonin ƙasashen waje ba kwata-kwata. Ba laifin alƙalan Manhattan ba ne su kaɗai, tunda abin da na sama suka shata musu suke bi, amma sakamakon ga mai ƙara ɗaya ne.

Lauyoyi dai sun koma neman wasu hanyoyi. 'Yan gudun hijirar Sudan da suka zauna a Amurka sun kai ƙarar BNP Paribas gaban wannan kotu a 2016, suna cewa bankin ya taimaka wa gwamnatin Omar al-Bashir da kuɗin da ta zalunce su da shi, kuma babban makaminsu shi ne amsa laifin da bankin ya riga ya yi wa gwamnatin Amurka. A Oktoban 2025 masu yanke hukunci suka ba mutum uku daga cikinsu diyyar sama da dala miliyan 20, bankin kuma ya ce zai ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta gaba.