Amsoshin Tambayoyinku: Daga Ina Kalmar "Kabal" Ta Samo Asali?

Sai wasiƙar wani mai sauraronmu daga Funtuwa. Ya ce ya gaji da jin 'yan siyasa suna kiran "kabal", yana son sanin ma'anarta, kuma shin gaskiya ne daga sunayen wasu Turawa biyar aka harhaɗa ta?

To malam, kabal dai 'yan tsirarun mutane ne da suke haɗa kai a asirce suna juya akalar mulki, ba tare da an zaɓe su don wannan aikin ba. Masu ƙulle-ƙulle ke nan a bayan fage.

Batun mutum biyar ɗin kuwa, da ƙamshin gaskiya, amma ba daga nan ta faro ba. A Ingila, zamanin Sarki Charles na Biyu, wajen 1667 zuwa 1673, akwai manyan 'yan majalisarsa biyar: Clifford, Arlington, Buckingham, Ashley da Lauderdale. In ka ɗauki harafin farko na kowane suna, sai ka ga kalmar ta fito yadda ake rubuta ta da Turanci, wato CABAL. Dace ne kawai aka yi, don tun kafin su ana amfani da ita. Su dai suka ƙara mata baƙin jini. A 1670 sarkin ya ƙulla yarjejeniyar sirri ta Dover da Sarki Louis na 14 na Faransa, wadda a cikinta ya yi alkawarin komawa ɗariƙar Katolika, Faransa kuma ta riƙa ba shi kuɗi. Abin mamakin, Clifford da Arlington ne kaɗai a cikinsu suka san sharaɗin komawa Katolikan. Sauran ukun an rufe su.

Tushen kalmar Ibrananci ne, "Kabbalah", wato ilimin da aka karɓa daga magabata, wanda malaman Yahudawa ke koyar da keɓantattun almajirai. Saiwarta ɗaya da ta Larabcin da ya ba mu "alƙibla". Ta bi ta Latin da Faransanci kafin ta shiga Turanci, kuma a hanya ne ma'anar ta karkace, daga ilimin ɓoye ta koma makirci. Wannan kam an zalunci kalmar, don asalinta babu ruwanta da maƙarƙashiya.

A Najeriya ta yi tashe ne bayan da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Saudiyya a watan Nuwamban 2009, aka riƙa zargin cewa wasu na kusa da shi ne ke tafiyar da ƙasa da sunansa. Aka sake jin ta sosai a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari.

Mun gode da wasiƙarka. Sai tambaya ta gaba, daga Maraɗi.