Zamiya a kan dusar kankara: abinda sanyin Jos bai koya min ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tunda na dawo Jos hutu duk wanda na nunawa wannan dan bidiyon a waya tambaya daya yake min, wai ya akayi mutum ya daure kafafunsa biyu a jikin allo daya ya gangaro daga kan dutse kuma ya sauka da ransa. Jiya ma a majalisarmu ta Bauchi Road sai da wayar ta zaga hannu ya kai goma. Toh yau zan warware muku shi daga tushe, musamman ku kannena da kuke shirin fita karatu, don nasan ranar da kuka fara ganin farin dutse daga tagar hostel sai kunyi sha'awar hawa.

Dutsen da kuke gani a bidiyon shine Uludag, a Turkiyya, saman birnin Bursa. Tsayinsa mita 2,543, wato ya dan fi Chappal Waddi na Taraba wanda shine dutse mafi tsawo a Najeriya, shi mita 2,419 ne. Amma abin mamakin, wajen da otal-otal suke inda ake fara wasan bai wani wuce tsayin kololuwar Shere Hills dinmu ba, wajen mita 1,800 da wani abu. To meyasa can dusar kankara take rufe mota mu nan ko kyallinta bamu taba gani ba? Abu biyu ne. Mu muna kusa da tsakiyar duniya, digiri 10 kacal, rana a tsaye take dukanmu duk shekara, Bursa kuma tana wajen digiri 40. Na biyu sanyinmu na hunturu busasshe ne, iskar Sahara ce ba danshi a cikinta, su kuma sanyinsu da ruwan sama tare suke zuwa. Kankarar da take fado mana da damina tana fasa gilashin mota tana lalata tumatir da kabeji a gona, wannan daban ce, dunkulallen ruwa ne da ya daskare a cikin hadari. Dusar kankara tururin ruwa ne yake daskarewa kai tsaye ya zama 'yan kananan furanni masu kusurwa shida, tana sauka shiru kamar audugar rimi, in sabuwa ce ka debo a hannu sai kaji kamar garin rogo mai sanyi.

Mu biyar ne muka tafi, dukkanmu dalibai a Istanbul. Ni, da wani dan Gangare da muka taso tare, da dan Bauchi daya, da wani dan Nijar daga Maradi, sai abokin ajinmu Baturke wanda shi tun yana yaro yake wasan. Mun bari sai da muka gama jarabawar karshen zango a watan Janairu, kuma ku rike wannan maganar zan dawo kanta. Ranar Juma'a da daddare muka hau jirgin ruwa muka tsallaka tekun Marmara zuwa Mudanya, tafiyar kamar awa biyu, daga nan mota zuwa Bursa. A cikin gari muka kwana ba a kan dutsen ba saboda otal din sama ba na aljihun dalibi bane, kuma kwana a kasa ya bamu damar yin asuba a Ulu Jami, masallacin nan mai kubba 20 da Sarki Bayezid na daya ya gina aka gama a 1399, da wurin alwala a tsakiyar masallacin ta ciki. Wallahi ko don shi kadai Bursa ta isa a je.

Da safe muka hau abinda suke cewa teleferik, wasu kananan dakuna ne na gilashi rataye a jikin igiyar karfe, tafiyar wajen kilomita 9 ce a sama. Kasa gari ne da kwalta, kuna tafiya sai kaga bishiyoyi sun fara furfura, kafin ka ankara komai yayi fari fat. Dan Maradi tunda muka tashi yake salati har muka sauka.

Yanzu ga allon. Turawa sinobod suke ce masa, ni allon zamiya nake cewa don duk dan Jos da ya taba zama a kan fasasshiyar jarka ya sulalo daga kan fa ya san asalin abin. Wani Ba'amurke Sherman Poppen ne a jihar Michigan a 1965 ya hada allunan siki guda biyu, wato siraran allunan zamiyar da ake daura daya a kowace kafa, ya daure don 'ya'yansa mata suyi wasa, daga baya irin su Jake Burton suka gyara shi ya zama sana'a, a 1998 aka shigar dashi gasar Olamfik a Nagano ta Japan. Amma a Turkiyyar kanta akwai wani kauye Petran a yankin Rize da tun kaka da kakanni suke tsayawa a kan katako suna gangarowa, su ba wasa ya kaisu ba, hanyar sauka ce.

Ku duba kasan allon nan. Roba ce mai santsi ana shafa mata kakin zuma irin na masana'anta, idan tana gogar dusar kankara gugar tana dan narkar da saman sai a samu siririn ruwa tsakani, a kansa kake tafiya. Sai ku duba gefe da gefe, kunga wannan siririn karfen da ya zagaye shi? Duk sirrin wasan anan yake. Allon bashi da birki bashi da sitiyari, wannan bakin karfen shine duka biyun. Gefe daya yana bangaren dunduniyarka, daya yana bangaren yatsunka, tunda a karkace kake tsayawa, kafa daya gaba daya baya. Wanda hagunsa ke gaba da wanda damansa ke gaba duk daidai ne, masu bada haya sukan dan tura ka ta baya ba zato, kafar da ka fara jefawa don ka tare kanka galibi ita ce ta gaba.

Ka dauka ka zuba ruwa a kan gangaren, hanyar da ruwan zai bi ita ce hanyar da allon yake so ya bi. In ka mika hancinsa ta nan gudu zai yi ta karawa ba ruwansa da kai. In ka gicciye shi ka danna bakin karfen da yake bangaren sama ya ciji kankara, sai ya tsaya. Shikenan. Kana kallon kasa, ka daga yatsu ka zauna a kan dunduniya kamar zaka zauna a kujerar da babu, ya tsaya. Ka dan sassauta, ya fara sulalewa a hankali. Awa biyun farko malamin da muka dauka bai barmu munyi komai ba sai wannan, mu sulala hagu mu sulala dama kamar ganyen da ya fado daga bishiya, mu tsaya, mu sake. Dan Bauchi har ya fara kunkuni wai kudinmu kawai ake ci. Ni kuwa a ganina duk kudin da muka kashe a tafiyar nan babu wanda ya kai na malamin nan amfani, don mutumin da bai iya tsayawa ba a kan dutse hadari ne ga kansa da yaran mutane da suke gabansa.

Ga inda ake faduwa, ku kalli wannan a hankali na rage gudun bidiyon. Bakin karfen da yake bangaren kasa dole ya kasance a dage koda yaushe. Da zarar ka sake jiki ya taba kankara, sai ya cije nan take, allon ya tsaya cak kai kuma jikinka bai tsaya ba, sai ya maka ka da kasa kamar an yi maka kafa a kokawa. Ba a ganin zuwanta. In ta gaba ce kirji da fuska, in ta baya ce mazaunai da keya, shiyasa hular kwano ba kwalliya bace, ka karba ko da an ce sai ka kara kudi. Kuskure na biyu tsoro ne ke kawo shi, gudu ya dan karu sai mutum ya ja jiki baya ya dora nauyi a kafar baya, alhali kafar gaba ce take juya allon, ka dauke mata nauyi ka rasa sitiyari kenan. Sai ka lankwasa gwiwa, ka bada nauyi gaba, ka kalli inda kake son zuwa ba kafarka ba. Fada da sauki. Jiki baya yarda da wuri, ni sai bayan azahar na fara jin allon yana bin maganata.

Toh maganar jarabawa da nace ku rike. Dan Adam in zai fadi hannu yake mikawa, haka Allah ya halicce mu, kuma da yake kafafu a daure suke ba halin ka jefa kafa ka tare, duk nauyin a wuyan hannu yake sauka. Shiyasa a wannan wasan raunin da sabon shiga ya fi samu shine na wuyan hannu. Abokina dan Gangare wajen la'asar, mun gaji, yace bari ayi na karshe, ya bi wata hanya da tafi karfinmu. Hanyoyin launi ake sa musu a jikin allunan gefen hanya, kore ta 'yan koyo, shudi mai sauki, ja sai wanda ya iya, baki kuma ta gwanaye. Bakin allonsa ya cije, ya dafa kasa da hannun dama, karaya. Hannun da yake rubutu dashi. Sati shida yana daure, da ace kafin jarabawa ne da zangon nan gaba daya ya tafi, kudin da mahaifinsa ya hada da kyar a canjin dala na yanzu. Ranar da ya kira gida ina zaune kusa dashi, naji Hajiyarsa tana cewa "karatu muka tura ka ko hawan dutse", muryarta na rawa, har yau in na tuna sai jikina yayi sanyi. Akwai abin kare wuyan hannu da ake sawa cikin safar hannu, bamu karba ba don bamu san dashi ba. Ku ku karba. In zaka fadi ta gaba ka dunkule hannu ka sauka a kan damatsa da gwiwa, ta baya kuma ka sunkuyar da haba kirji ka bar mazaunai su dauka. Sannan kafin ka bar gari ka karanta takardar inshorar lafiyarka da kyau, ba kowacce ke daukar raunin irin wannan wasan ba. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce, ka ajiye ta, kuma wayar ka sata a aljihun ciki kusa da jiki don sanyi yana shanye batir kamar me.

Kaya kuma, nan ne mu 'yan Jos muke yaudarar kanmu. Muna ganin ai mun saba, mu da muke fita sallar asuba a watan Disamba baki na hayaki. Sanyinmu baya jika mutum. Can zaka fadi sau talatin, dusar ta shiga wuya ta shiga hannun riga ta narke, ga zufa ta ciki, in rigar da take jikin fatarka ta auduga ce zata rike ruwan ta manne maka, kana tsayawa iska ta buga sai karkarwa. Jins ma haka, kar ka soma. Ta ciki ta zama ta roba-roba irin ta 'yan kwallo ko ulu, sai suwaita, sai jaket da wando da ruwa baya ratsawa. Jaket din da na sa a bidiyon nan a gwanjon Katako na siye shi kafin in tafi, kuma ya rike ni tsaf. Safa guda daya mai kauri ta isa, in ka jera uku takalmin zai matse jini ya kasa zagayawa sai yatsun su fi yin sanyi. Yatsa in ya daina ciwo ya koma ba ka jinsa, ka shiga daki ka dumama shi a hankali, kar ka murza kar ka kara a wuta, kuma mu masu bakar fata ba lallai kaga canjin launi da wuri ba, rashin jin shine alamar. Tabarau ma dole ne, sabuwar dusar kankara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai kona ido, dan Maradi ya cire nasa don hoto ya manta bai mayar ba, da daddare ido yayi ja yana hawaye kamar an zuba masa yashi.

Sallah bata bamu wahala ba, akwai wurin sallah a sama, munyi alwala tun a kasa mun rike, kuma tunda matafiya ne muka hada azahar da la'asar. Abinci a kan dutsen tsada gareshi, mun tafi da burodi da dabino da ruwa a jaka, sai shayi muka siya da wani abin sha mai kauri da suke cewa salep, kamar kunun gyada mai madara an barbada kirfa. Da muka sauko daga asibiti da daddare abokinmu Baturke ya kaimu cin Iskandar kebab, asalinsa na Bursa ne, yankakken nama a kan gurasa da miyar tumatir da man shanu mai zafi da kindirmo a gefe. Ni na yankawa dan Gangare nasa, yana ci da hagu yana bismillah yana neman afuwa, mai shagon ya zo ya dafa kafadarsa yace "gecmish olsun", wato Allah ya sa ya wuce.

Lahadi mu hudu muka sake hawa, shi ya zauna a dakin shayi na kasan gangaren yana kallonmu ta gilashi. Wannan bidiyon da kuke gani na ina juyawa daga dunduniya zuwa yatsu ba tare da na fadi ba, karo na farko kenan, kuma shi ya dauka, da hannun hagu, shiyasa hoton yake dan rawa.