Rawuta ta zama bulo: a fara ceto faifan ajiya, gyara ya biyo baya

Assalamu alaikum jama'a. Wannan da kuke gani a kan tebur rawutar gidan yayana ce, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida. Ku kalli fitilar nan ta gaba. Ta kama, ta ɗauke, ta kama, ta ɗauke. Kwana uku ke nan tana wannan ƙyaftawar, sunan Wi-Fi ɗin gidan kuwa ya ɓace daga kowace waya.

Yadda abin ya faru shi ne, da daddare Yaya ya ga saƙo cewa akwai sabuwar manhaja, ya danna, layin ya fara cika, bai kai rabi ba aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, shi ke nan. Masu wannan harka cewa suke na'ura ta zama bulo, wato ba ta da sauran amfani sai dai a tokare ƙofa da ita. Da ya kawo mini, ita kanta rawutar ba ta dame shi ba. Ya ce, "Ƙanina, hotunan sunan yaran nan duka suna ciki, da aikin digirin matata." Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, ba a cikinta suke ba."

Ga inda suke. Wannan ɗan baƙin akwatin da aka soka a ramin USB na baya, shi ne faifan ajiya. Rawuta hanya ce kawai da wayoyin gida ke bi su kai gare shi. Ma'ajiyar da ke cikin ita kanta rawutar 'yar mitsitsiya ce, a ƙananan samfura megabait 8 ko 16, wadda ko bidiyon biki na minti ɗaya ba za ta ɗauka ba. Manhajarta kawai ke zaune a wurin.

Don haka abu na farko: kashe rawutar daga soket, a jira faifan ya daina juyawa, a zare shi. Kada a taɓa maɓallin Reset, kada a fara sake rubuta mata manhaja, sai faifan nan ya bar wurin. Duk kunnawa da kashewar da za mu yi nan gaba, da yana jone, shi ma sai ya sha wannan fizgar wutar.

Yanzu na soka shi a kwamfuta mai Windows. Ku ga abin da ya fito: wai sai an yi wa faifan fomat kafin a iya amfani da shi. A nan mutane da yawa ke yin asara, garin neman gira su rasa ido. Faifan lafiyarsa ƙalau. Yawancin rawutocin gida Linux ne a cikinsu, wata babbar manhaja daban da Windows, kuma idan rawutar ce ta tsara faifan tun farko, sau da yawa da tsarin ext3 ko ext4 take yi, wanda Windows ba ya iya karantawa da kansa. Abin da bai gane ba sai ya ce a goge. Ku danna Cancel. Idan kuwa faifan NTFS ne ko FAT32 ko exFAT, zai buɗe nan take, sai ku kwashe kayanku. Ko da ya ce zai duba ya gyara kurakurai, ku ƙi, sai bayan kun gama kwafa.

Ga mai ext4, ba sai kun canza wa kwamfutarku komai ba. Ku saka Ubuntu, wani nau'in Linux, a filash, ku tada kwamfutar daga shi, ku zaɓi gwadawa ba tare da girkawa ba. A baƙin allon umarni ku rubuta lsblk, zai jero duk faifan da ke jone. Ku gane naku da girmansa. Nawa ga shi, sdb1, terabait 1. Umarnin da zan bayar na kan allo: sudo mount -o ro,noload /dev/sdb1 /mnt. Wannan ro ɗin na nufin karatu kawai, ba a yarda a rubuta ko ɗigo a kan faifan ba. Shi kuma noload yana hana kwamfutar ƙarasa rubutun da ɗaukewar wuta ta katse, don ba ma son a motsa komai tukuna.

To ga su nan. Jakar hotuna, jakar makaranta, har da wata mai suna "kada a goge", wadda ban buɗe ba, amana ce. Na kwafe su zuwa wani faifan daban. Bayan kwafa ku buɗe fayil goma ko ashirin daga wurare mabambanta ku tabbatar suna buɗewa, domin ganin suna a jeri ba ya nuna abin cikin ya tsira.

Mu mun yi sa'a. Amma a ce kwafar tana tafiya tana tsayawa, ko kwamfutar na cewa ta kasa karanta wani fayil. Wannan alama ce faifan ya fara gajiya, kuma duk tilasta masa da aka yi ƙara masa ciwo ake. A nan ake ɗauko ddrescue, a Ubuntu sunan kunshinsa gddrescue. Aikinsa shi ne ya ɗauki hoton faifan, wato cikakken kwafinsa gaba ɗaya, zuwa wani faifan da ya fi shi girma. Dabararsa nake so: yana fara kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri, ya tsallake masu matsala, sai daga baya ya dawo yana lallaɓa su. Yana kuma ajiye wata taswira ta inda ya tsaya, ko wuta ta sake ɗaukewa, daga nan zai ci gaba. Ku kula da jerin sunaye a umarnin: wanda ake ceto shi ne na farko, inda za a zuba shi ne na biyu. Wanda ya juya su ya shafe kayansa da hannunsa.

A kan wannan hoton ake sauran aiki, ainihin faifan kuma a ajiye shi gefe. TestDisk na nemo ɓangaren faifai da ya ɓace. Idan tsarin ya wargaje sosai, PhotoRec na tsinto fayiloli ta hanyar gane kamanninsu, sai dai zai ba ku su ba sunaye ba jakunkuna, lambobi kawai, ku zauna ku tantance hoton suna da na biki da kanku. Duka kyauta ne.

Idan kuma kun kara kunne kun ji faifan na ƙas, ƙas, ƙas, ku cire shi nan take. Hannun da ke karatu a ciki ne ya samu matsala, kuma yana iya kankare fuskar faifan. Kada ku kwance shi a ɗaki, ƙura ɗaya ta ishe shi, balle da hazon hunturu. Kada ku saka shi a firiza kamar yadda wasu ke faɗa. Wannan aikin masu ɗaki na musamman ne, kuma da tsada.

Akwai rawutar da faifanta a cikinta yake. Wadda aka fi sani ita ce Time Capsule ta kamfanin Apple, da ta fito a 2008 aka daina yin ta a 2018, har yanzu kuma ana cin karo da ita cikin kayan gwanjo. Idan ta ƙi kamawa, sau da yawa ɓangaren wutarta ne ya mutu, faifan na nan daram. Faifai ne na SATA mai inci 3.5 irin na kwamfutar tebur. A ciro shi, a saka a gidan faifai mai adaftar wutarsa, don irin wannan na buƙatar bolt 12, ramin USB kaɗai ba ya juya shi. Tsarinsa HFS+ ne, Mac na karanta shi kai tsaye. Wanda ya kulle ajiyarsa da kalmar sirri sai ya tuno ta, babu wata hanya. Kuma a yi hattara da ɓangaren wutar idan an buɗe, yana riƙe caji ko bayan an zare shi daga soket.

Kaya sun tsira, yanzu mu koma kan mara lafiya.

Kafin a zargi manhaja, a duba adafta. Na sha ganin rawuta na kamawa tana mutuwa alhali adaftar ce ta gaji. Mita na iya nuna bolt 12 cif idan ba a jona komai ba, da an ɗora mata nauyi sai ta faɗi. Ku aro wata mai bolt iri ɗaya, amfiya daidai ko sama da haka, baki iri ɗaya, alamar + ko − ta tsakiyar bakin iri ɗaya. Na gwada a nan, fitilar ba ta canza hali ba. Na danna Reset da tsinken sakace na daƙiƙa goma, shiru. Wannan maɓallin saituna kawai yake gogewa, ba ya dawo da manhajar da aka rubuta rabi. Tsohuwar dabarar nan ta 30-30-30, ta riƙe Reset daƙiƙa talatin sau uku a jere, kuwa ta zamanin tsohuwar rawutar Linksys WRT54G ce, ku bar ta a can.

Abin da ke ba mu fata shi ne wannan. Idan aka kunna rawuta, babbar manhajar ba ita ke fara tashi ba. Akwai wata 'yar ƙarama da ake kira butloda, kamar ladanin da ke riga unguwa tashi da asuba, ita ke farkawa ta taso babbar. A na'urori da yawa U-Boot ce, a masu guntun lantarki (chip) na kamfanin Broadcom kuma CFE. Sabuntawa ta yau da kullum galibi ba ta taɓa wurin da take zaune. Wato fitilar nan da ke ƙyaftawa, ladan ne ke ta kira, ba wanda ya fito. Kuma yawancin kamfanoni sun bar mata ƙofar gaggawa da za ta karɓi sabuwar manhaja ta kebul.

Kowane kamfani da irin ƙofarsa. A Asus, ana riƙe Reset a jona wuta har fitila ta fara ƙyaftawa a hankali, sannan a tura fayil da manhajarsu ta Firmware Restoration. Yawancin D-Link na buɗe shafin gaggawa a burauza. Netgear akwai wata manhaja, nmrpflash, da aka yi don wannan. Wasu Linksys irin su WRT3200ACM manhaja biyu suke ajiyewa, idan aka katse tashinsu sau uku a jere sai su koma kan ɗayar. TP-Link da yawa kuma su ke neman fayil ɗin da kansu daga kwamfutar da ke da adireshin 192.168.0.66. Wanda ya saka OpenWrt, manhajar rawuta da ake sakawa a madadin ta kamfani, ya yi kuskuren saiti, nasa ya fi sauƙi: ya danna maɓalli lokacin da fitila ke saurin ƙyaftawa, ya shiga ta 192.168.1.1, ya rubuta firstboot.

Ta Yaya irin mai neman fayil da kanta ce, ta hanyar TFTP, wata tsohuwar hanyar tura fayil tun farkon shekarun 1980, mai sauƙin da har butloda ke iya ɗaukarta. Ku juya rawutar ku karanta takardar ƙasa. Bayan lambar samfuri akwai lambar zubi, v2 ko v3 ko makamancinsu. Samfuri ɗaya na iya zama da kayan ciki daban, don haka fayil ɗin v2 ba ya yi wa v3. Na sauko da daidai nata daga shafin kamfanin, na canza masa suna zuwa wanda butlodar ke nema. Na kashe Wi-Fi ɗin kwamfuta, na kashe katangar tsaro ta Windows na ɗan lokaci, na sa adireshin da hannu, na buɗe Tftpd64, manhajar da za ta miƙa fayil ɗin, na jona kebul a ramin LAN na ɗaya. Kwamfutar da rawutar duk a kan inbata suke, sau ɗaya ake yi mana wannan.

Na riƙe Reset, na jona wuta. Ba abin da ya motsa. Na sake, haka. Har na fara tunanin ko ladanin ma ya tafi. Ashe matsalar lokaci ce. Butlodar na tambayar fayil na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, ita kuma kwamfutar tana ɗaukar lokaci kafin ta gane an jona mata kebul, kafin ta shirya an wuce wurin. Maganin shi ne a sa ƙaramin suwic na netwok a tsakaninsu, yadda ramin kwamfutar zai zauna a farke. Ku kalli allon yanzu, karo na uku. Ga layin nan ya bayyana, ya cika cikin daƙiƙa kaɗan. Daga nan hannu a aljihu. Tana rubutawa a ma'ajiyarta, a ba ta minti biyar cur ko da kamar ba abin da take yi.

Da wannan bai yi ba, sai a buɗe ta. A kan allon ciki akwai ramuka ko ƙusoshi huɗu a jere: TX, RX, GND da VCC. Da 'yar na'urar USB zuwa TTL mai bolt 3.3, irin CP2102 ko CH340, ana jona uku kawai, TX ga RX, RX ga TX, GND ga GND. VCC ba a taɓa shi. A buɗe manhajar PuTTY a kwamfuta a gudun 115200, wasu 57600, sai ka ga butlodar na bayanin abin da ke damunta layi bayan layi, har ka tsayar da ita ka ba ta umarni. Idan ramukan babu ƙusoshi, duk mai gyaran waya da ya iya soda, a Farm Centre ta Kano ko kasuwar garinku, zai dasa muku cikin minti kaɗan.

Mataki na ƙarshe na wadda butlodarta ma ta goge ne: a kama guntun ma'ajiyar mai ƙafa takwas da 'yar na'urar rubutu CH341A a rubuta masa kai tsaye. Abu biyu a nan. Wasu daga cikin waɗannan na'urorin na fitar da bolt 5 a layin bayanai alhali guntun 3.3 yake so, a auna tukuna. Sannan a karanto duk abin da ke ciki a adana kafin a rubuta komai, domin a masu guntun kamfanin Atheros akwai ɗan ɓangare mai suna ART, kilobait 64, da ke riƙe da awon rediyon wannan na'urar ita kaɗai. Idan ya tafi, rawuta za ta tashi, amma Wi-Fi ɗinta ba zai ƙara zama daidai ba. A gaskiya idan rawutar mai araha ce, a wannan matakin kuɗin kayan aiki da wahalar sun kusa sayen wata, sai dai mai son koyo.

To, ku dubi tamu. Fitila ta tsaya cak, ga ta Wi-Fi ta kama. Sunan da ya fito a waya na kamfani ne, wanda ke jikin takardar ƙasa, don duk saitunan Yaya sun tafi, sai an sake sa suna da kalmar sirri da bayanan layin intanet. Faifan kuma ba zan mayar ba sai ya zo da yamma mun buɗe kwafin tare, matarsa ta ga babi biyar ɗinta da idonta.