Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona, daga Manoman Mangwaro na Ƙasar Gumel

Ranka ya daɗe, a madadin dagatai, dattawa da ɗaukacin masu lambu, muna yi maka barka da zuwa. Aikinka ya riga ka isowa, don haka ba za mu tsaya yabo ba, za mu soma da kukanmu, wato rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana a wurin renon dashenmu.

Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga yashi yana cinye gonaki daga bakin iyakar Maigatari, amma ba su yi ƙaura ba. Su suka fara shuka ƙwallon mangwaron gida, mai zare, wanda sai ya haura shekara shida kafin a ci ɗansa. Mu kuma muka koyi yi masa aure. Mukan reni ƙwallon gida a leda, saboda saiwarsa ta fi jure ƙishi, idan karansa ya kai kaurin fensir sai a datse kansa a tsaga shi, a fere reshen mangwaro irin Kent ko Julie a cusa a tsagar, ɓawo ya haɗu da ɓawo, a ɗaure tam da zaren leda. Cikin mako uku idon reshen zai tsiro, cikin shekara uku zuwa huɗu bishiyar ta fara 'ya'ya. Yau har matasanmu sun ƙware da wuƙar aure, kuma ba mu ga wanda ya fi su hannu a wannan yanki ba.

Sai dai, ranka ya daɗe, aure ba ya kamawa a busasshiyar ƙasa. Bara da bazara rijiyarmu ta ƙafe, yara suka dinga jan ruwa a jarka kan amalanke, duk da haka mafi yawan dashen ya bushe a ledarsa, abin da ya rage gara da awaki suka ƙarasa. Sau biyu ana zuwa a auna wurin da za a haƙa mana burtsatsen, a kafa turke, a tafi.

Muna roƙon waya ta shinge, da rassan iri masu kyau daga tashar binciken lambu ta Bagauda. Idan kuwa ɗaya kaɗai za a iya, to a ba mu rijiyar, kafin hunturu ya wuce zafi ya shigo. Filin yana nan bayan wannan rumfa, turken ma bai tuge ba. Allah ya maida kai gida lafiya.

Kwamitin Tarbar Baƙi