Falsafa da Addini: A Ina Suka Raba Hanya?

Masu kallo, assalamu alaikum. Wajen shekara ta 1095, a birnin Bagadaza, Imam Al-Gazali ya kammala littafinsa mai suna Tahafutul Falasifa, inda ya ɗauki mas'aloli 20 daga ra'ayoyin masana falsafa irin su Al-Farabi da Ibn Sina yana warware su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, bai wadatu da jawo aya da hadisi ba, sai ya shiga fagensu, ya yaƙe su da makaminsu, wato ilimin manɗiƙi, wanda ke koyar da ƙa'idojin ƙulla hujja da hankali. Ya yi haka ne domin ya san cewa abin da ke yanke gardama a addini daban yake da abin da ke yanke ta a falsafa.

Addinai irin su Musulunci da Kiristanci da Yahudanci sun tsayu ne a kan wahayi. Hankali yana da babban aiki a cikinsu, domin da shi ake fahimtar nassi, da shi malamai suke ƙiyasi da ijtihadi, amma idan nassi ya tabbata kuma ma'anarsa ta fito fili, to mumini ya iso inda zai ce ya ji kuma ya bi. Bayan haka addini yana tafe da ibada da jama'a da alkawarin sakamako a lahira. Ita kuwa falsafa, wadda sunanta ya zo mana ta Larabci daga Girkanci da ma'anar son hikima, ba ta da alƙibla, ba ta da liman, kuma babu wanda sunansa kaɗai ya isa ya rufe baki. Aristotal ya yi kimanin shekara 20 a makarantar Aflatun a birnin Atina, duk da haka ya ƙi yarda da babban ra'ayin malaminsa, kuma babu wanda ya ce ya fita daga falsafa saboda wannan.

To, tun da babu littafin da ya sauko daga sama da za a koma gare shi, da me ake gane falsafa ingantacciya? Da farko ana duba yadda aka ƙulla hujja. Idan mutum ya ce kowane ɓarawo yana yawo da dare, mai gadi ma yana yawo da dare, saboda haka mai gadi ɓarawo ne, maganganunsa biyu na farko suna iya zama gaskiya, amma sakamakon bai fito daga cikinsu ba. Wani kuma zai ce kowane tsuntsu yana tashi, jimina tsuntsu ce, saboda haka jimina tana tashi. A nan ƙullin ya yi daidai, sai dai tubalin farko ne ruɓaɓɓe, kuma ganin jimina guda tana gudu a ƙasa ya isa ya rushe ginin baki ɗaya. Ra'ayin da ya tsallake waɗannan ramuka biyu sai kuma a duba ko yana cin karo da kansa, kamar mai cewa babu wata gaskiya ko kaɗan alhali yana so a ɗauki maganarsa a matsayin gaskiya.

A ganina ma'aunin da ya fi kowanne nauyi shi ne ko ra'ayin zai iya jure sukar wanda ya fi kowa iya suka. Mu duba mas'ala ta 17 a littafin Al-Gazali. Ka ɗauko auduga ka kusantar da ita ga wuta, sai ta yi baƙi, ta kama, ta zama toka. Masana falsafa suka ce wuta ce ta ƙona ta bisa ɗabi'arta, kuma ba zai yiwu a samu akasin haka ba. Al-Gazali ya ce abin da idonka ya gani shi ne ƙuna ta auku a lokacin da wuta ta taɓa auduga, amma ido bai ga wani tilas da ya ɗaure ɗaya da ɗaya ba, kuma faruwar abu tare da wani abu ba hujja ba ce ta cewa shi ya haifar da shi. Ibn Rushd, alƙalin Malikiyya na birnin Kurɗuba wanda ya rasu a 1198, ya mayar da martani cewa wanda ya kore sababi ya kore ilimi kansa, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa. A ƙarni na 18 David Hume na Sikotlan ya sake tayar da tambaya mai kama da wannan, kuma har yau ana tafka muhawara a kanta.

Sai dai Al-Gazali bai tsaya a nan ba. A mas'aloli 3, wato cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama, ya yanke hukuncin kafirci. Lokacin da yake nuna cewa hujjar masana falsafa ba ta kai ba, aikin falsafa yake yi, amma lokacin da ya yanke wannan hukunci, da ma'aunin addini ya auna.

Wannan takaddama ta iso har ƙasarmu. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar yana kare karatun manɗiƙi, shi kuwa Suyuɗi yana hana shi. Kuma malamin nan na Aljeriya da ya wallafa Ahalari, littafin tsarki da salla da almajirai ke karantawa a zaure, shi ne ya tsara waƙen Sullam a kan manɗiƙi, inda ya kawo saɓanin malamai, ya rinjayar da halaccin karanta shi ga mai kaifin basira wanda ya riga ya ƙware a Alƙur'ani da Sunna.