A Teksas, shanu ake fitarwa a nuna wa mai haraji

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhin namu na yau sai mun tsallaka teku zuwa jihar Teksas ta ƙasar Amurka, kuma maganar haraji ce, amma don Allah kar wanda ya murɗa rediyonsa tukuna, akwai shanu a ciki, akwai tsuntsaye, akwai kuma wayo irin na ɗan Adam.

Dattawan da ke jinmu sun san zamanin jangali, kafin marigayi Abubakar Rimi da marigayi Balarabe Musa su soke shi a Kano da Kaduna bayan sun hau mulki a 1979. In aka ji masu ƙidaya sun taho ai sai a kora rabin garke cikin daji a ɓoye. To a Teksas abin juyawa ya yi. Can in mai haraji zai zo, shanu ake fitowa da su bakin hanya ya gani da idonsa, wanda ma ba shi da su ya nemo, don su ne ke rage masa kuɗin da zai biya.

Ga yadda abin yake. Jihar Teksas ba ta karɓar haraji a kan albashin mutum, saboda haka makarantun gwamnati da hanyoyin gunduma da sauran hidimomi, harajin gidaje da filaye ne ke ɗauke da yawancin nauyinsu, kuma harajin na da zafi. Kowace shekara ofishin kimantawa na gunduma zai yi wa filinka kuɗi gwargwadon abin da zai yi a kasuwa, a kan wannan za ka biya. Ka ga ke nan in gari irin su Ostin ko San Antoniyo ya faɗaɗa ya kusa cim maka, farashin filin da ka gada a wajen kakanka zai yi tashin gwauron zabi, haraji ya bi shi, kai kuma ko sisi ba ta ƙaru a aljihunka ba. Don a ceci manoma sai aka gyara tsarin mulkin jihar a 1966, aka ƙara faɗaɗa gyaran a 1978, aka ce filin noma da na kiwo a daina auna shi da farashin kasuwa, a auna shi da abin da yake iya fitarwa na amfanin gona ko dabba. Bambancin kuwa sama da ƙasa ne, musamman kusa da birane.

Niyya mai kyau, amma kun san mutum. Tunda sai an ga kiwo ake samun sassauci, kuma ofishin kimantawa na da yawan dabbar da yake son gani gwargwadon girman fili, sai kowa ya zuba awaki da tumaki da shanu, har wanda kiwon bai dame shi ba, ma'aikacin banki ne ko likita ya sayi fili don ya riƙa zuwa hutun ƙarshen mako, shi ma sai ya ajiye. A yankin tuddai na tsakiyar jihar ƙasar ba ta da zurfi, ɗan turɓaya ne a kan dutsen farar ƙasa, akuya kuwa kun san halinta, ba ta barin ko ɗan tsiro, in ciyawa ta tafi ruwan sama ya zo ya wanke ƙasar, shi ke nan. Wato dai gwamnati da hannunta take biyan mutane lada su cinye daji. Kuma abin da ya sa wannan ya zama babban lamari shi ne sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasar Teksas a hannun ɗaiɗaikun mutane take. Gandun dajin gwamnati kaɗan ne ƙwarai, barewa da talo-talon daji da tsuntsaye duk a bayan shingen wani suke kwana.

A watan Nuwamban 1995 aka kai maganar gaban masu jefa ƙuri'a suka amince da wani gyaran. Abin da ya ce a taƙaice: in filinka yana cikin tsarin sassaucin noma, kana iya sayar da dabbobin ka koma kula da namun daji na asalin yankin, kuma harajinka zai tsaya inda yake. Sharaɗi, ka rubuta tsarin aiki ka kai ofishin kimantawa kafin ƙarshen watan Afrilu, sannan ka riƙa yin aƙalla uku daga cikin ayyuka bakwai da doka ta lissafa, gyaran muhallin dabbobin kamar sassabe da ƙona ciyawa bisa tsari, hana zaizayar ƙasa, rage dabbobin da ke kashe wasu namun daji, samar da ruwa, samar da abinci, samar da mafaka, sai kuma ƙidaya. Hukumar kula da gandun daji da namun daji ta jihar ita ke fitar da ƙa'idojin kowane yanki. Kuma a lura da kalmar "na asali", wanda ya shigo da barewar Indiya ko ta Afirka ya zuba a filinsa don mafarauta, kuma suna da yawa a can, wannan ba ta shiga lissafi.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne ba wani sabon rangwame aka ƙirƙiro ba. Abin da mutum ke biya jiya da shanu shi zai biya yau babu shanu, baitulmali bai yi asarar komai a takarda ba, shi ya sa abin ya wuce babu rigima sosai. Dolen ajiye dabbobin kiwo ce kawai aka cire.

Bari in ba ku misali da wani ɗan tsuntsu, ƙarami ne, kumatunsa rawaya, duk duniya a tsakiyar Teksas kaɗai yake ƙyanƙyasa, in sanyi ya zo ya tafi kudancin Meziko da Gwatamala da Honduras. Sheƙarsa da ɓawon wata tsohuwar bishiya ta yankin yake saƙa ta, in an sare tsofaffin bishiyoyin nan ya rasa gida, tun 1990 yana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Akwai kuma wani tsuntsu malalaci da ke bin shanu kamar yadda balbela ke yi a nan, shi ba ya yin sheƙa, sai ya je ya saka ƙwansa a ta wani, uwar gida ta yi ta wahalar renon ɗan da ba nata ba nata kuma su mutu da yunwa. To ɗana wa wannan malalacin tarko na cikin ayyukan da ake lissafa wa mai fili. Shanu suka jawo shi, yanzu an kwashe shanun ana kuma rage shi, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ko da yake a nan ɗayan ceto ya samu.

Amma fa kar mu yi ta yabon ɗan kuturu. Ƙofar shiga tsarin nan akwai rashin adalci a jikinta. Sai filin da ya riga ya samu sassaucin noma ko na gandun katako ne ke iya komawa na namun daji, shi kuma sassaucin noman sai an yi noma ko kiwo shekara 5 cikin 7 da suka wuce. To mutumin kirkin da tun farko ya bar dajinsa yadda Allah ya yi shi, bai taɓa sa akuya ba, shi fa? In ka cire wata 'yar ƙaramar ƙofa da aka bar wa masu izinin gwamnatin tarayya na kare dabbar da ke gab da ƙarewa, amsar ita ce ya je ya nemo awaki su yi shekara biyar suna cin dajin, sannan a ba shi ladan gyara shi. Haba jama'a. Wanda ya ɓata ya tuba yana cin riba, wanda bai taɓa ɓatawa ba yana biyan cikakken kuɗi.

Sai kuma tambayar wa ke amfana. Attajiri daga Hustan ko Dalas ya sayi eka ɗaruruwa, ya rataye akwatunan tsuntsu, ya ajiye kwatarniyar ruwa, ya ƙirga barewa daga cikin motarsa, uku sun cika, a lokacin farauta ma ya ba mafarauta haya ya karɓi kuɗi, alhali malamin makaranta mai ɗan gida a cikin gari shi ake auna wa da farashin kasuwa. Gundumomi 254 ne a jihar, ba kowacce ke da ma'aikacin da zai taka ƙafa ya duba ko takardar ta yi daidai da abin da ke ƙasa ba. Duk da haka ni dai in za a tambaye ni, gara akwatin tsuntsun attajiri da akuyar ƙarya, ƙasa ta fi samun hutu.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen fita daga tsarin. Da can in ka juya filin ka yanka fulotai ka sayar wa masu gini, sai ka biya bambancin harajin shekara 5 da suka wuce har da kuɗin ruwa. A 2019 majalisar jihar ta rage shi zuwa shekara 3, daga baya kuɗin ruwan ma aka cire. Mai jiran gari ya iso shi don ya sayar da tsada, ai an ba shi wurin zama mai inuwa.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar. Tun 2015 dokar harajinsu ta ce wanda ya yarda aka ayyana filinsa a matsayin gandun kare namun daji, zai riƙa cire kashi 4 cikin 100 na darajar filin daga kuɗin shigar da ake yanka masa haraji a kai, duk shekara, har shekara 25. Sai dai kafin ya ga ko kwabo sai an rubuta alkawarin a jikin takardar mallakar filin, ko ya sayar ko ya mutu magada su tarar da shi, kuma mafi ƙarancin wa'adinsa shekara 99 ne.

A ci gaba da kasancewa tare da mu, labaran duniya na nan tafe.